Filin Tambayoyin Mota: Sensar Oksijin Ta Kamfani Za Ta Iya Saita Inji?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato 'yar sensar nan da ke ɗaure a jikin bututun salansa, wadda makanikai ke cewa oksijin sensa. Mun tsamo guda bakwai. Don kada mu yi ta maimaita dogon bayani, idan mai ya yi wa iska yawa za mu ce haɗi ya yi kauri, idan iska ce ta rinjayi mai za mu ce haɗi ya tsinke.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Na canza wa motata salansa da matatar iska, na kuma sa nozul da suka ɗan fi na asali girma. Wani abokin sana'a ya ce ba sai na sayi na'urar auna haɗi ba, in jona mita a wayar sensar kamfani, in take totur har ƙasa, muddin na ga 0.9V to mai ya isa. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora injinka a kan wannan magana. Tsohuwar dabara ce, an yi ta lokacin da na'urar auna haɗi ke da tsada da wuyar samu, kuma ta ci fistan ba adadi.

Sensar da yawancin tsofaffin motoci ke zuwa da ita irin mai gajeren zango ce, wadda masu sana'a ke cewa naroban. Kamfanin Bosch ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara sa ta a mota a 1976. Cikinta wani ɗan tangaran ne na zirkoniya da aka shafe fuskokinsa biyu da filatinam. Fuska ɗaya na shaƙar hayaƙin salansa, ɗayar na shaƙar iskar waje. Idan ta yi zafi, daga digiri 300 zuwa 350 na Salsiyos, bambancin oksijin da ke tsakanin fuskokin biyu sai ya haifar da 'yar wuta. Haɗi ya yi kauri, oksijin ya ƙare a hayaƙi, ta ba da 0.8V zuwa 0.9V. Haɗi ya tsinke, ta faɗo wajen 0.1V. Tsakiyar ita ce 0.45V, daidai inda giram 14.7 na iska ke ƙone giram ɗaya na fetur ba saura. Wannan matsayin ake kira lamda 1.

A nan gizo ke saƙa. Daga 0.2V zuwa 0.8V tsalle ɗaya take yi, a cikin 'yar tazara ƙanƙanuwa kusa da 14.7. Da ta wuce nan sai layin ya kwanta. Haɗin 13.5 da na 12.5 da na 11.5 duk a wajen 0.85V zuwa 0.95V suke cunkushe, abin da ke tsakaninsu bai wuce 'yan ɗigo ba. Ga shi kuwa nan ne wurin da kake buƙatar sani. Injin da ba shi da turbo yakan ba da cikakken ƙarfinsa tsakanin 12.5 da 13.2, wato lamda 0.85 zuwa 0.90. Mai turbo ana sauke shi wajen 11.0 zuwa 12.0, domin rarar man ta sanyaya silinda ta hana ƙwanƙwasa. A inji mai turbo, 11.5 lafiya ce, 13.5 kuwa hanyar buɗe inji ce, amma mitarka kusan abu ɗaya za ta nuna maka.

Sannan ga zafi. A ɓangaren kauri, wutar sensar na raguwa yayin da take ƙara zafi. Take na farko, salansa ba ta gasu ba, ka ga 0.92V ka ce mai ya yi yawa. Take na huɗu, bututu ya yi ja, haɗin bai canza ba amma ka ga 0.86V. Motsin da zafi kaɗai ke kawowa na iya fin wanda bambancin haɗin ke kawowa. Idan kuma sensar mai waya ɗaya ce, wadda ke ɗaukar at ɗinta, wato negatif, ta jikin salansa, tsatsar zare kaɗai ta isa ta karkatar da lissafin da 0.05V.

Don haka 0.9V abu ɗaya ta gaya maka: haɗin ya fi 14.7 kauri. Nawa ya fi, ba ta sani ba. Inda za ta yi maka rana shi ne gargaɗi. In ka take totur har ƙasa ka ga ta sauko ƙasa da 0.8V, ɗaga ƙafarka nan take, mai ba ya isa. Amma rashin saukowarta ba shaidar lafiya ba ce.

TAMBAYA: Oga, to in haka ne ke nan ba ta da wani amfani wajen saiti? Ni ina da manhajar da ke iya gyara jadawalin ƙwaƙwalwar motata, na kuma ƙara faɗin bututun shigar iska, tun daga nan silo ya ƙi zama.

AMSA: Tana da amfani ƙwarai, kuma matsalarka ma irin tata ce. A lamda 1 da wuya ka samu shaidar da ta fi ta gaskiya. Sai dai ba wutarta za ka riƙa kallo ba, abin da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ke yi da wutar shi ne abin karantawa.

Idan inji ya yi zafi, a silo da tafiya ta yau da kullum, ƙwaƙwalwa na sauraron sensa. Sikana, wato na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota, na rubuta wannan yanayi da CL. Sensa ta ce ya tsinke, ta ƙara mai, ta ce ya yi kauri, ta rage, haka suke ta yi kamar sau ɗaya ko fiye a kowane sakan. Lokacin da inji ke sanyi, ko aka take totur sosai, sai ta toshe kunne ta koma bin jadawalinta, shi ne OL. Ƙari da ragin da take yi a lokacin saurare tana rubuta su kashi biyu. STFT shi ne gyaran nan take, yana ta rawa. LTFT shi ne wanda ta koya ta adana. Ka haɗa su biyun, ka samu kuskuren jadawalinka a wannan wurin. STFT +3 da LTFT +9 na nufin jadawalin ya gaza da kashi 12 cikin 100. Duk motar fetur da ke da soket ɗin jona sikana na OBD-II, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, za ta ba ka waɗannan lambobi, ko da 'yar ƙaramar sikanar ELM327 ce ka haɗa da wayar salula.

Abin da ya faru da motarka a fili yake. Sensar MAF, mai auna iskar da ke shiga inji, ba duk iskar bututu take aunawa ba, 'yar kaɗan ce ke ratsa ta, ƙwaƙwalwa ta lissafa sauran bisa faɗin bututun asali. Ka faɗaɗa bututu, iska ta rage gudu, MAF ta ce iska kaɗan ce, ƙwaƙwalwa ta ba da mai kaɗan.

Kafin ka taɓa jadawali, tabbatar da shaidar tukuna. Inji ya yi zafi, ruwa ya haura digiri 80, riƙe shi a juyi 2,500. Lafiyayyar sensa za ta riƙa lilo daga ƙasa da 0.2V zuwa sama da 0.8V, aƙalla sau takwas a sakan goma. Ka danna totur da sauri ka saki: ta haura 0.8V, sannan ta faɗo ƙasa da 0.15V. Wadda ke jan jiki tsakanin 0.35V da 0.6V ta tsufa, duk abin da aka gina a kanta banza ne. Duba kuma babu inda iska ke sata a bayan MAF, babu huji a salansa kafin sensa, kuma matsin famfon mai daidai yake da abin da littafin motar ya ce. Wanda ya gyara jadawali alhali tiyo na yoyon iska, ya rubuta cutar ne a cikin ƙwaƙwalwa, ranar da aka canza tiyon sai motar ta koma hayaƙi.

Daga nan ka goge LTFT da sikana, wani ya tuƙa, kai ka riƙe kwamfuta. Abubuwa shida sun isa: juyin inji, MAF, STFT, LTFT, zafin ruwa da yanayin CL ko OL. Kada ka zaɓi ashirin, musamman a tsofaffin motocin da suka riga tsarin sadarwa na CAN, domin kowane ƙari na rage saurin karatun sauran. Tafiyar minti 20 zuwa 30 ake so, da ƙafa a natse: a riƙe gudu ɗaya na sakan goma sha, a ɗan ƙara, a sake riƙewa, a bi giya daban-daban, a samu ɗan hawa. Sai ka tace. Zubar da duk layin da ke OL. Zubar da sakan biyu na bayan kowane motsin totur, saboda hayaƙi na ɗaukar lokaci kafin ya iso sensa, abin da take faɗa a lokacin labarin baya ne. Zubar da lokacin gangara da aka saki totur, domin a nan ƙwaƙwalwa na yanke mai gaba ɗaya. Wani abu da ke rikita mutane da yawa shi ne bawul ɗin da ke sako tururin tanki cikin inji. Idan ya buɗe, STFT na iya nutsewa da kashi biyar zuwa goma ba gaira ba dalili. In manhajarka ta yarda, kashe shi na lokacin aikin, ka mayar idan ka gama.

Abin da ya rage ka raba shi bisa gurabun jadawalin MAF, ka fitar da matsakaicin kowane gurbi. A ce gurbin da ke cewa giram 20 a sakan ya ba da +12. Cikakken gyara shi ne 20 sau 1.12, wato 22.4. Mu dai shawararmu ka sa rabi, 21.2, ka sake fita. Zagaye uku ko huɗu na rabi-rabi sun fi tsalle ɗaya, domin tsalle ɗaya kan wuce gona da iri, ka koma kana bin kuskuren ta ɗaya gefen. Bayan kowane gyara ka kalli layin jadawalin, ya zama ya tafi sumul. Gurbin da ya yi tsini shi kaɗai, bayanan da aka tara a kansa ne ba su isa ba. Idan jimillar ta zauna tsakanin -5 da +5 ko'ina, ka tsaya. Neman sifiri ɓata mai ne, zafin rana da bambancin fetur kaɗai na motsa ta da kashi biyu ko uku. Motar da ba ta da MAF, mai aiki da MAP, wato sensar matsin manifol, hanyar ɗaya ce, sai dai gurabun na juyi ne da matsin manifol.

Iyakar wannan aiki ita ce iyakar CL. Kada ka ce tunda ƙasan jadawali ya buƙaci +12, bari in ƙara wa samansa +12 in huta. Kuskuren bututun da aka canza ba ya tafiya daidai daga ƙasa zuwa sama. Saman jadawali aikin sensa mai dogon zango ne, wadda ke faɗin ainihin kauri ko tsinkewar haɗi. Ka kuma sani ƙasashe da yawa na da doka a kan taɓa abin da ya shafi hayaƙin mota, ka san ta inda kake.

TAMBAYA: Na sa ɗan akwatin nan da ake jonawa tsakanin MAF da ƙwaƙwalwa don rage shan mai. Kwana biyu na farko na ga canji, yanzu kamar ban sa komai ba.

AMSA: Ƙwaƙwalwa ce ta gano ka. Kai ka rage kashi takwas, sensa ta kai ƙara, LTFT ya ƙara kashi takwas, aka koma gidan jiya. Muddin ana CL, lamda 1 za a zauna, ko ka so ko ka ƙi.

Wannan ma da sauƙi. Mai haɗarin shi ne wanda ya yi amfani da akwatin ya ƙara mai a ƙasa. LTFT zai koyi ragi, kuma ƙwaƙwalwa da yawa na ɗaukar abin da suka koya su shiga da shi OL. Sai ka ga saitin cikakken totur da aka yi ranar farko ya tsinke bayan mako guda, ba wanda ya taɓa komai. In dole sai ka yi aiki da irin wannan akwati, bar gurabun ƙasa a inda LTFT ke kusa da sifiri.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Toyota gare ni, sikana na nuna sensar gaba a 3.3V, ba ta lilo kamar yadda na saba gani. Na ɗauka ta mutu, har na yi niyyar sa wata ta gama-gari mai waya huɗu.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Ajiye wannan niyya, sensarki lafiyarta ƙalau. Ba naroban ba ce, irin wadda Toyota ke kira A/F ce, 'yar gidan masu dogon zango. A wurinta 3.3V shi ne lamda 1, kuma lissafinta a juye yake: sama da 3.3V haɗi ya tsinke, ƙasa da haka ya yi kauri. Wasu sikanoni na gama-gari kan raba lambar gida biyar su nuna 0.66V, wanda ya sa ake yawan yi mata ƙazafin maƙalewa. Gwajinta shi ne a danna totur da sauri a ga ta nutse ƙasa da 3V, a saki a ga ta haura wajen 3.8V ko fiye. Da mita ba za a ga wannan motsi a wayoyinta ba, domin ainihin saƙonta 'yar ƙaramar wuta ce mai gudana da ke juya alkibla, ƙwaƙwalwa ce ke mayar da ita lambar da ake gani a sikana.

Waya huɗu gare ta, zarenta kuma ɗaya ne da na naroban, shi ya sa ake yawan musanya su bisa kuskure. Ba sa maye gurbin juna. An sa naroban a wurinta, ƙwaƙwalwa ba za ta fahimci komai ba, fitilar gargaɗi ta kama, shan mai ya ƙaru.

Ga masu saiti kuwa, wannan ita ce amsar da ya kamata kowa ya fara nema: wace iri ce a motata? Honda ta sa mai dogon zango ta NTK a Civic VX tun 1992, motocin Jamus da yawa na zuwa da Bosch LSU mai waya biyar ko shida, kuma yawancin sababbin motoci yanzu sensar gabansu mai dogon zango ce. Idan sikana ta ba ka lamda kai tsaye, kamar 0.87 ko 1.02, to kana da abin aunawa na gaske a hannu, kuma za ka iya amfani da shi har a cikakken totur. Ka jera ta da lamdar da ƙwaƙwalwa ta nema, ka ga ko suna tafiya tare. Sai dai ka gwada iyakarta. An ƙera ta ne don ta ƙware a kusa da lamda 1, kuma a wasu motocin lambar kan tokare a wani wuri, a ce 0.75 ko 0.80, ta ƙi sauka komai yawan mai. In ka ga lamba ɗaya cak daga juyi 3,500 har 6,000, ba ƙwarewar saiti ba ce, silin ta buga. Haka kuma idan kamfani ya ɗaura ta kafin turbo, matsin hayaƙin wurin na sa haɗi mai kauri ya bayyana kamar ya fi yadda yake kauri. Wannan kuskure ne ta gefen da ke cutarwa, domin zai sa ka rage man da inji ke buƙata.

TAMBAYA: Motata na fitar da baƙin hayaƙi, fulogi sun yi baƙi ƙirin, amma sikana na ba ni P0171, wai haɗi ya tsinke, LTFT kuma +22. Wa zan yarda da shi, idona ko sikana?

AMSA: Duka biyun gaskiya suka faɗa, malam. Sensa oksijin take gani, ba ta ganin fetur. Duk abin da ya kawo mata oksijin, za ta ce haɗi ya tsinke, ƙwaƙwalwa kuma ta yi ta ɗura mai.

Hanya biyu ce ta fi yawa. Ta farko, silinda ɗaya ba ta kama wuta, saboda koyil ko fulogi ko bawul da ya ƙone. Iskar wannan silindar na fita da oksijin ɗinta cif, sensa ta yi ihu, sauran silindar da ke lafiya su sha man da ba su nema ba. Duba ko akwai P0300 ko 'yan uwanta, P0301 zuwa sama, lambar ƙarshe ita ce silindar. Ta biyu, tsaga a manifol ɗin salansa ko gasket da ya ƙone kafin sensa. Mutane na ɗauka hayaƙi fita kawai yake yi ta huji, alhali tsakanin bugu da bugu matsin bututu na faɗuwa ya zuƙo iskar waje. Da safe, inji na sanyi, saurari ƙarar tas-tas a wajen manifol, ka nemi layin baƙin toka a bakin gasket.

Tunda fuloginka sun yi baƙi, ɗayan biyun nan ne mafi kusa. Da a ce fari suka yi, da mun ce tsinkewar ta gaske ce, sai a bi ta da wannan gwajin: kalli jimillar gyaran a silo, sannan a juyi 2,500. Tana da yawa a silo ta ragu a sama, iska ce ke sata ta tiyo ko gasket ɗin manifol. Tana kaɗan a silo ta yi ta hawa da nauyi, famfon mai ne ya gaji, ko matatar mai ta toshe, ko MAF ta yi datti. Kada ka daɗe kana yawo da ita haka. Ɗanyen fetur na ƙonewa ne a cikin katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, ya narkar da saƙar cikinsa, ya kuma wanke man jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai.

TAMBAYA: Na sayi na'urar auna haɗi mai Bosch LSU 4.9. Tana da wata waya da aka ce tana kwaikwayon sensar kamfani. In cire ta kamfani in ɗaura wannan a raminta?

AMSA: Zai yiwu, zaren ɗaya ne, M18 x 1.5, sufana mai lamba 22 ke kwance su. Amma ba mu so. Da ka zare ta kamfani, ƙwaƙwalwa za ta nemi hitarta ta rasa, ta jefo P0135, wasu motocin ma su ƙi shiga CL sam. Sannan ranar da na'urarka ta samu matsala, motar gaba ɗaya ta rasa ido. Kai wa mai walda ya huda bututu ya ɗora mazauni na biyu, kowace ta yi aikinta. Ribar da ke ciki ita ce kowace na zama shaidar 'yar uwarta: a silo, ana CL, dole sabuwar ta riƙa yawo tsakanin 14.4 da 15.0. In ta zauna a 13.8 ko 15.8 alhali ta kamfani na lilo yadda ya kamata, to akwai matsala a at ɗin sabuwar, ko huji a kusa da ita, kuma kada ka yarda da ita a cikakken totur sai ka gano.

Wurin ɗaurawa: bayan inda bututun silinda suka haɗe, kafin katalis, kuma bayan turbo idan akwai. Kada ta matsu da bakin inji, hayaƙin da ya wuce digiri 930 na gajarta ranta. A zagayen bututun kuma, ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, ta zauna tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, ko aƙalla ta ɗaga digiri 10 sama da kwance, wayarta na kallon sama. Dalili shi ne ruwan da ke taruwa a salansa da safe. Tangaran ɗinta na aiki a digiri 780, ɗigon ruwan sanyi ɗaya ya faɗa masa ya tsage. Saboda wannan dalilin ne ma ba a barin makulli a kunne na minti biyu hita na gasa ta sannan a tayar da inji mai sanyi. Kuma kada a bar ta a bututu ana tafiya ba a jona mata wuta ba, toka za ta toshe ta. A ɗaure ta da ƙarfin Nm 40 zuwa 50, a shafa man hana kamewa a zare kawai, kada ya taɓa kan.

Soket ɗinta kada a yanke shi. Akwai 'yar resista a ciki da aka daidaita wa wannan sensar ita kaɗai tun daga masana'anta. At ɗin na'urar kuma a haɗa shi inda ƙwaƙwalwa ke ɗaukar nata, ba a jikin kowane ƙarfe da hannu ya kai ba.

Wasu kan yi amfani da wayar kwaikwayon su matsar da tsakiyar zuwa 15.5 don rage shan mai. Katalis ba ya iya aikinsa sai a dab da lamda 1, da an tsinke haka sai gurɓatacciyar iskar NOx ta wuce shi salin alin, ribar man kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Tunda ana maganar waya, ga masu gyara ta kamfani: kada a yi wa wayoyinta solda. Sensa da yawa ta tsakanin siraran zaren wayar suke shaƙo iskar wajen da suke kwatanta hayaƙi da ita, dalma da man solda na toshe hanyar. A matse su da maɗauri. Launi ma ya bambanta. A Bosch baƙa ce saƙo, ruwan toka at, farare biyu hita. A Denso shuɗiya ce saƙo, fara at, baƙaƙe biyu hita. Mitar da za a auna da ita ta zama ta lamba mai megohm 10, tsohuwa mai allura na shanye 'yar wutar. Gam ɗin silikon da ba a rubuta cewa ya dace da sensa ba, da fetur mai dalma, da ruwan lagireto da ke shiga silinda, duk suna kashe ta. Farin gari a kanta alamar silikon ce.

TAMBAYA: Malam, an mayar mini da mota mai amfani da gas na CNG. Na ji an ce haɗin gas 17 ne ba 14.7 ba. Sai na canza sensa ke nan?

AMSA: Ba sai ka canza ba. Gaskiya ne methane na buƙatar wajen 17.2, gas na LPG wajen 15.5, fetur mai kashi 10 na ethanol wajen 14.1, E85, mai kashi 85 na ethanol, kuma wajen 9.8. Amma sensa ba ta san waɗannan lambobi ba. Inda oksijin ya ƙare daidai da ƙarewar makamashi, nan take tsallenta, kowane iri ne ake ƙonawa. Shi ya sa masu saiti suka fi son magana da lamda. Na'urar da aka saita a ma'aunin fetur ma 14.7 za ta nuna maka a kan gas idan ana lamda 1, kada ya ruɗe ka.

A motar gas ma sensar kamfani ce babban makamin saiti. Ƙwaƙwalwar gas na kwaikwayon lokacin buɗe nozul ɗin fetur ne ta ninka shi da wani adadi, kuma wannan adadin ake daidaitawa. Ka riƙe gudu ɗaya a kan fetur, ka rubuta jimillar STFT da LTFT. Ka juya zuwa gas ba tare da motsa ƙafa ba. Idan jimillar ta tashi daga +2 zuwa +11, gas ya gaza da kashi tara a wannan gurbin, ƙara. Idan ta nutse, rage. A bi gurabun daga silo zuwa matsakaicin nauyi har bambancin fetur da gas ya dawo cikin kashi biyar. In an bar shi da nisa, LTFT zai koyi halin gas, washegari da safe motar ta tashi a kan fetur da gyaran da ba nata ba, ta yi ta shaƙewa ko ta jefo P0171 ko P0172 (na haɗi mai kauri). A cikakken totur kuwa hukuncin tambaya ta farko ne ke aiki, har ma ya fi tsanani, domin gas ba ya sanyaya bawul kamar yadda ruwan fetur ke yi. A auna shi da mai dogon zango, a kuma riƙa kallon matsin regyuleta lokacin takun: idan yana faɗuwa daga juyi 4,000 zuwa sama, regyuletar ce ta yi wa injin kaɗan ko matatar gas ta toshe, kuma babu adadin da za a rubuta a jadawali ya cike wannan giɓin.